Kifin Teku a Ruwan Kwara

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

Daga Kwatano na taho da su, kifayen teku huɗu masu launi kamar atamfa, cikin akwatin gilashi da ruwansu, don in ƙawata butik ɗina, wato shagona, a kasuwar Malanville. Mai sayarwar ya ja mini kunne: "Alhaji, kwanakin farko za su firgita. Ka rage haske, ka ƙyale su." Na yi mishi kallon raini. Ni da aka haifa bakin kogin Kwara, wa zai koya mini kifi?

Kwana biyu suna maƙale bayan dutse, numfashi sama-sama, launinsu ya dushe, abinci ko kallonshi ba su yi. Na ƙwanƙwasa gilashin, suka ƙara ɓuya. Sai na tsoma yatsa na ɗanɗana ruwan. Gishiri! Na tashi da faɗa, ina kiran mutumin Kwatano macuci, ya jiƙa mini kifi cikin ruwan miya. Na sa aka ɗebo jarka biyu daga kogi, na kwashe nasu, na juye musu ruwa mai daɗi.

Kafin la'asar duk sun yi rigingine.

Maƙwabcina Alhaji Garba mai albasa ya leƙo, ya ji bayani, ya yi dariya har hularshi ta faɗi. "Kifin teku fa ka ce, Alhaji! To mi kake zaton ke cikin teku, sukari?"

Shekara uku ke nan. Ko shayi aka zuba a kasuwa, sai wani ya ɗaga murya: "Ku dakata, Sarkin Ruwa bai ɗanɗana ba tukuna!"