Ranar da Aka Kama Ni a Bayan Tagar Aji Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tashi daga matsayin magidanci mai sayar da albasa a Bodinga na koma wanda ake tsare da shi a ofishin hedimasta.

Ni mutum ne mai zargi, wannan ban ɓoye wa kowa ba. Ko buhun albasa aka kawo mini daga Dandin Mahe sai na zazzage shi har ƙasa, don na san inda ake ɓoye ruɓaɓɓu. To da maiɗakina Hajara ta fara maganar a cire 'yarmu ta fari daga firamaren gwamnati a kai ta makarantar kuɗi, kamar yadda yayanta na Shagari ya yi wa nasa 'ya'yan, sai na ce a dakata in bincika.

Na fara da makarantar kuɗin. Fenti sabo, yara cikin safa fara, ina shiga suka miƙe suka rera mini gaisuwa da Turanci. Maimakon in ji daɗi sai zuciyata ta ce, anya ba wannan gaisuwar kaɗai aka koya musu don iyaye irina ba? Na fito ban gamsu ba. Ta gwamnatin kuma ban yarda da ita ba tun asali: yara cunkus a aji, wasu a ƙasa, kuma kowa yana cewa malamai hira suke zuwa yi. Abin da nake son sani ɗaya ne. Yarinyar nan tana aji uku, ta iya karatu ko ba ta iya ba? In ba ta iya ba, zan cire ta, ko da hakan zai cinye rumbun albasata na bana, ko da kuma za ta yi kukan rabuwa da malamarta.

Za ku ce me ya hana in zaunar da ita in miƙa mata takarda? To, 'yar fari ce. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya ma nuna ya san da zamansa in da mutane. (Ko yanzu da nake rubutu ba za ku ga sunanta ba, ku yi haƙuri.) Hajara ta ce mini ta iya, amma shaidar uwa ai ba shaida ba ce a wurina.

Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na sa takunkumi da baƙin tabarau, na ja hula, na ajiye babur ƙarƙashin darbejiya, na laɓe bayan tagar aji uku da ɗan littafi da biro. Litinin na yi, Talata na yi, ina rubuta duk abin da na gani. Ban ko tuna cewa a zamanin nan, da kowa ke ɗar-ɗar da baƙuwar fuska kusa da makaranta, ni ne abin zargin ba.

Ranar Laraba ina cikin rubutu na ji an riƙe mini wuyan riga. Tsohon maigadi ne, da gora a hannu, bayansa matan da ke sayar da awara da wasu magidanta biyu.

"Kai, mi kaka yi nan? Kwana ukku muna kallonka!"

Na ce ni uba ne, ina da ɗiya a ajin. Aka tasa ni gaba har ofis. Hedimasta ya cire mini tabarau da hannunsa, ya karɓe littafin, ya ce, "To madalla. Mi as sunan ɗiyar taka?"

Jama'a, bakina ya ƙi buɗuwa. Ga mutane cike da ƙofa, ga sunan a kan harshena, amma shekara tara ban taɓa furta shi a gaban kowa ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, wata 'yar siririya ce haka, mai hijabi."

"Duk makarantag ga masu hijabi na," in ji maigadi. "Ku kira 'yan sanda."

Allah ya taimake ni da wata mai awara, ta leƙo ta ce, "Kai, wanga ba mijin Hajara na ba, mai albasa? Ɗiyar hwari ta, shi ya sa ya kasa hwaɗi." Aka kwashe da dariya, aka aika aji. Sai ga yarinyar ta shigo tare da Malama Asabe, malamar ajinsu, ta durƙusa ta gaishe ni tana kallon ƙasa.

Na ɗauka an gama. Ashe hedimasta ya riga ya leƙa littafin. Ya miƙa wa yarinyar ya ce, "Karanta muna abin da babanki ya rubuta."

Ta karɓa, ta fara, ba gargada ko ɗaya. "Litinin. Malama ta fita minti goma. Ina zargin hira ta tafi." (Alli ta je ɗaukowa, daga baya na ji.) "Talata. Malama tana danna waya. Wataƙila fim take kallo." Malama Asabe ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Rubutuna da ko ni sai na ƙura ido nake gane shi, yarinyar nan tana bin sa kamar ita ta yi.

Sai ta zo layin ƙarshe, muryarta ta yi ƙasa. "Laraba. Yarinya ba ta ɗaga hannu ba. Da alama ba ta iya komai ba. A cire ta."

Dariyar ta tsaya. Ta rufe littafin, ta ajiye a kan tebur da hannu biyu, idonta ya cika da ƙwalla amma ba ta bari ta zubo ba. Wallahi da maigadi ya sauke mini gorar nan a ka da ya fi mini sauƙi.

Malama Asabe ce ta yi magana. "Malam, ba ta ɗaga hannu saboda ta gane ka tun ran Litinin. Ta ce mini babanta na bayan taga, kunya taka ji."

Ban cire ta ba. Ajin yana nan cunkus, kuma ba zan ce makarantar kuɗi ba ta da nata amfanin ba, amma tambayata ta samu amsa a gaban shaidun da ban gayyata ba. Yanzu bayan La'asar takan zauna bakin ƙofa ta karanta wa uwarta littafi da ƙarfi, ni kuma ina tsakar gida ina tsince albasa, wai ba saurare nake ba. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya sayi baƙin tabarau don binciken malaman 'yarsa, ya fara gwada buɗe kunnensa a cikin gidansa. Matan awara kuwa har yau in na wuce sai su ce, "Sannu da aiki, Sufeto."