Ƙofar da Aka Auna da Lantana

A wani daji da ya cika ya batse har dabbobin cikinsa suka fara ce masa Birnin Kuka, babu abin da ya yi wuya kamar wurin da yaro zai yi gudu. Kowace kuka an huda ta hawa-hawa, kowane suri na ɗauke da iyali goma. Iyaye su fita nema da sassafe, yara kuwa suna ƙunshe a kogo daga Litinin har Juma'a. Asabar da Lahadi kaɗai ake da su, su ma ba wurin zuwa, don duk inda ƙafa za ta taka wani ya riga ya yi gini.

Fili ɗaya ya rage, wata gonar gyaɗa a bakin gari. Da kaka, idan masu gona sun cire gyaɗarsu sun kwashe, sai a bar wa yara su yi roro, wato su tona ragowar da ta maƙale a ƙasa. Ba wani abin kirki ake samu ba, ƙwaya biyar ko shida. Amma a nan ake birgima, a nan ake tsere, a nan yaro ke fara sanin ƙanshin ƙasa. Abin kuma ba ya daɗewa. Mako shida ne ko bakwai, daga ɗaukewar ruwa zuwa ranar da ƙasa za ta bushe ta ƙi tonuwa.

Akwai wata zabuwa mai suna Tabawa. Da damina ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, ruwa ya kwashe wasu, shaho ya kwashe wasu, aka bar ta da 'ya ɗaya, Lantana. Tun yarinyar ba ta fi ƙwai girma ba uwar ke ba ta labarin roro, ta kuma yi mata alkawarin kai ta da zarar an cire gyaɗa. Tabawa ta san abin da kowace zabuwa ta sani: ɗan zabo kaka ɗaya yake da ita ta yarinta, kafin wata kakar ta zagayo ya riga ya zama babba da hidimar kansa. Sai dai tsoron shaho bai bar ta ba. Wannan tsoron ne ya kai ta gaban majalisar gari, kuma da ta san abin da zai biyo baya, da ta yi zamanta a gida.

Shugaban majalisar shi ne Malam Jatau Kunkuru, dattijo mai haƙuri, wanda ba a taɓa jin ya ce a'a ba, ba a kuma taɓa ganin ya gama komai ba. Tabawa ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, buƙatata ƙarama ce. An cire gyaɗa jiya. Ina roƙon a ba mu mutum ɗaya mai ido, ya hau reshe ranar Asabar da Lahadi, in ya hango shaho ya yi mana ihu. Shi ke nan."

Malam Jatau ya fito da wuyansa a hankali. "Baiwar Allah, kin yi magana, amma kin raina kanki. Abin da kika kawo ba ƙarami ba ne. Yaran wannan birni amana ce a wuyanmu. A ce gari kamar namu, 'ya'yansa suna tonon ƙasa kara zube, ba tsari, ba jadawali, ba wanda ya san wa ya shiga wa ya fita? Abin kunya ne, kuma mun gode da kika tuna mana. Ba mai gadi ɗaya za mu ba ku ba, shiri guda za mu yi muku na nishaɗin ƙarshen mako, wanda jikokinmu za su ci moriyarsa."

Aka yi tafi. Tabawa ma ta yi tafi, har da ƙwalla. Nan take aka kafa kwamiti, Malam Jatau ya karɓi shugabancinsa da kansa don nuna muhimmancin abin, aka naɗa Barau Hankaka magatakarda, Dogara Bushiya kuma mai kula da tsaro. Shawarar farko da kwamitin ya yanke ita ce a kewaye filin da ƙaya, kada kowa ya shiga sai an kammala tsari.

Asabar ta farko ta tafi wajen neman suna. Barau ya ce kalmar roro tana da ƙanshin ƙauye, baƙi za su ɗauka yunwa ake yi a garin. Aka yini ana jayayya, aka tashi a kan Dandalin Walwalar Manyan Gobe.

Asabar ta biyu ta Dogara ce. Ya miƙe, ƙayoyinsa a tsaye, ya ce, "Allah ya ja zamanin shugaba. Na zagaya filin sau uku, ban ga komai a cikinsa ba sai hatsari. Akwai rami, yaro zai faɗa. Akwai tsakuwa, yaro zai haɗiye. Mafi muni, idan aka bar shi a buɗe, manya za su shiga su tone gyaɗar su bar yara da kallo. Shawarata a yi ƙofa ɗaya tak, a yi ta daidai jikin yaro. Wanda ya wuce, yaro ne. Wanda ya maƙale, ya koma gida. Ba gardama, ba alfarma."

Kowa ya yaba da wannan hikima. Aka nemi yaron da za a yi awo da shi, aka ce ai ba wadda ta cancanci wannan girmamawa sai 'yar mai ƙorafi. Aka kawo Lantana, aka tsayar da ita, aka gwada tsayinta da faɗinta da kara. Yarinyar ta koma gida tana tsalle, tana gaya wa maƙwabta cewa ƙofar tata ce.

Daga nan kwamitin ya tafi rangadi wani daji mai nisa don ganin yadda yaran can ke wasa. Da yake tafiyar da shugaba ake yi, kuma ba ladabi ba ne a riga shi isa, sai da ta ci mako biyu. Suka dawo da rahoto cewa yaran can gudu suke yi, wani lokaci kuma su yi birgima.

Duk Asabar Tabawa takan kai Lantana bakin shingen su leƙa. Suna gani ɓeraye na shiga ta ƙarƙashin ƙasa suna fita da kumatu cike, don su ba su san da zaman kwamiti ba. Tabawa takan sa ƙafa ta taɓa ƙasar gefen shingen. Kullum sai ta ji ta fi ta makon jiya tauri. Takan kuma dubi 'yarta, ta ga gashin tsako yana zubewa, zanen zabi yana fitowa a fukafukanta.

A mako na biyar ta kasa daurewa, ta koma majalisa. "Ranka ya daɗe, na zo ne in janye roƙona. Ba na son mai gadin ma. Ni zan tsaya da kaina in duba sama. A buɗe mana ko na yini ɗaya. Ƙasa na bushewa, yarinyar kuma girma take yi."

Malam Jatau ya yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. "Malama Tabawa, gaggawa ce ke damun ku masu fukafukai. Mako biyar har wani lokaci ne? Ga ɗana Nomau nan, shekararsa goma sha tara, har yanzu uwarsa ke tauna masa ganye. Yaro ai ba ya girma a kaka ɗaya. Ni uba ne, na san abin da nake faɗa. Ki ƙara haƙuri, abu mai kyau muke shirya miki."

Ba mugunta ba ce, kuma abin da ya fi ban haushi ke nan. Da gaske yake. Bai taɓa tambayar kowa tsawon yarintar zabo ba, don bai taɓa zaton ta bambanta da ta gidansa ba. Barau ya rubuta cewa mai ƙorafi ta zo ta nuna gamsuwa da yadda aiki ke tafiya.

Aka buɗe dandalin a Asabar ta tara. An share shi tas, an cike ramuka, an tsince tsakuwa, ƙasar kuwa ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Iyaye suka zo da 'ya'yansu, zomaye da kurege da fakara, aka yi layi. Bayan jawabai huɗu, Barau ya sanar cewa Lantana ce za ta fara shiga.

Ta sunkuya ta sa kai. Kan ya wuce, kafaɗu suka ƙi. Ta ja baya ta gwada ta gefe, ƙaya ta fizge mata gashi biyu. Dogara ya matso ya duba da kyau, ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, wurin na yara ne."

Tabawa ta ce, "Da ita fa kuka auna ƙofar."

"Shi ya sa ba mu da shakka a kan awon," in ji Dogara.

Haka aka bi layin ɗaya bayan ɗaya. 'Yan zomaye suka maƙale, 'yan fakara suka maƙale, 'yan kurege ma da ƙyar aka zaro na ƙarshensu. Mutum ɗaya ya wuce ba tare da ya taɓa ko ƙaya ɗaya ba, shi ne Nomau. Ya ja jiki har tsakiyar filin, ya ɗan karci ƙasa ta ƙi, ya mayar da kansa cikin ƙoƙo ya yi barcinsa. Aka yi tafi.

A hanyar gida Tabawa ta kasa haɗa ido da 'yarta. Baƙin ciki ya cika ta, ta san da bakinta ta jawo. Ta ce, "Ki yafe mini, Lantana. Da na kai ki tun ranar farko."

Lantana ta ce da muryar da ta riga ta zama ta manya, "Ba komai, Inna. Ki dai ƙara ba ni labarin yadda ake yi, in riƙe shi da kyau. Nawa 'ya'yan za su tambaye ni."

Da mako ya zagayo, Barau ya karanta wa majalisa rahoton ƙarshe, aka ƙara wa kwamitin wa'adi, aka kuma amince a bar ƙofar yadda take saboda baɗi. A tarihin Birnin Kuka, in ji rahoton, wannan ce kaka ta farko da ba yaro ko ɗaya da ya ji ciwo a wurin wasa.