Rasuwar Goggo, Na'urar Naɗe Tishu ta Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Kawu, wanda ya yi ƙuruciyarsa ya yi furfurarsa a gaban na'ura ɗaya, yake sanar da rasuwar Goggo, na'urar farko ta masana'antar tishu. Ta tsaya cak ranar Laraba da hantsi, da takarda a bakinta.

Marigayiya ta zo a bayan akori-kura, ta hannu ce, lokacin masana'antar rumfar kwano ce kawai, ma'aikatanta Maigida da Kawu. Tishunta na farko kaushi gare shi, har masu shaguna suka ce ya fi dacewa da wanke tukunya. Ba ta yi fushi ba. Daga bakinta aka gina sito, aka sayi manyan motoci, aka ɗora ofis mai sanyi a bisa kanta, inda ake yawan kukan tana da ƙara.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman hutu ba, sai ɗigon mai kaɗan da dukan tafin hannu a gefen hagu. Kullum da safe gaisuwarta ɗaya: gar-gar-gar, ƙyas.

Ta daɗe tana fama da tari da yoyon mai. Injiniya ya duba ta, ya ce kamfanin da ke ƙera kayanta ya riga ta tafiya.

Ta bar jikoki, sabbin na'urori masu walƙiya waɗanda yatsa ɗaya ya ishe su, ba su san ta ba. Ta bar Maigida, wanda ya aiko da ta'aziyya daga hawa na biyu. Ta bar Kawu, da kunnen hagu da ba ya ji saboda ita, kuma bai iya juya kowace na'ura ba sai ita.

Jana'iza ranar Asabar. Da yake an yi ta gini a kewayenta har ƙofa ta yi mata kaɗan, za a fitar da ita gunduwa-gunduwa. Kawu ya roƙi kada mai walda ya sa mata wuta, zai kwance ta da hannunsa. Ofis ya amince, ya ce idan ya gama ya ajiye sifana da rigar aiki wajen mai gadi.

Masu ta'aziyya su same shi a gida. Daga Litinin ba sai an tambayi lokaci ba, kullum yana nan.