Jinjirin da Na Kai Paraku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi renon mage daga Jugu zuwa Paraku ba. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har jandarman da ke zazzage maka kaya a hanya.

Magen ta Inna ce. Tun rasuwar Baba ita ce abokiyar hirarta. Sai numfashinta ya fara fita da ƙugi, ta daina cin abinci, Inna ma ta daina. Aka ce sai likitan dabbobi na Paraku. Wa za a aika? Ni, da ban taɓa son dabbar nan ba.

Direban motar ya ce shi ba ya ɗaukar mage. Na gaji da roƙo, na koma gida na naɗe ta a zane, na lulluɓe da mayafi, na shiga wata motar kamar mai jego (wayo dai, in ji ni).

Ba mu yi nisa ba ƙugin ya cika mota. Wata tsohuwa a gefena ta tambayi kwana nawa yaron ya yi a haka. Na ce uku. Shi ke nan, aka hau addu'a. Mai tofi na yi, mai faɗa wa direba ya taka na yi. Jandarma ma da ya leƙo ya ji, hannu kawai ya ɗaga mana. Ni kuwa gumi nake, faratan magen na shiga cikina.

Direba bai tsaya tasha ba, sai ƙofar asibiti. Tsohuwar ta fizge ƙunshin ta yaye zanen. Ga kunnuwa, ga gashin baki.

"'Yar nan, wannan muka yi wa salati tun daga Jugu?"

Na rasa inda zan sa fuskata. A ƙafa na ƙarasa wurin likitan dabbobi.

Likitan ya yi wa magen allurar barci, ya buɗe bakin, ya nuna mini wani tsiro kamar ƙwayar gyaɗa a bayan maƙogwaro, ya cire shi da ɗan hantsaki. Na dawo a gajiye liƙis. Inna ta kara kunne a ƙirjin magen, ta ji babu ƙugin, ta fashe da kuka, sannan ta ce a zubo mata tuwo. Ni ko sannu ban samu ba.

Yanzu duk abin da zan ɗauka a mota, a buɗe nake ɗaukarsa. Gara direba ya kore ni da bayin Allah su ƙarar da addu'arsu a kaina.