Algaitar Baba Ari da Kujerar Babban Baƙo

Ranar Asabar da ta wuce na miƙe tsaye, na gyara hula, na tafa wa kujera. Ba ni kaɗai ba, zaure guda muka yi, har da masu digiri. Bari in faɗi yadda aka yi.

Damina ta ja baya, ɗanyar gyaɗa da sabon gero sun shigo kasuwa, sai wani kwamiti na masu girma ya tuna cewa muna da al'adu. Aka kakkafa alluna daga Bata har Rijiyar Lemo: za a yi bikin kaɗe-kaɗe da raye-rayen kaka a wani zauren taro a Sabon Gari. Hoton Mai Girma Babban Baƙo ya cinye allon. Makaɗan kuwa an ambace su can ƙasa, da sunan "da sauransu".

Maƙwabcina a Fagge, Baba Ari, yana cikin sauransun. Iyayensa daga Borno suka zo, shi a nan aka haife shi, kuma da algaita ya tsufa a gidajen biki. Yanzu ƙirji ya ƙi, likita ya ce ya ajiye ta. Ya yarda, amma da sharaɗi. Akwai wata busa da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ake yi idan za a shigar da amarya ɗakinta. Ba wanda ya koya a hannunsa, ba a kuma taɓa ɗaukar ta a na'ura ba. 'Yarsa Yakaka ta shirya da Onyedika, mai kula da na'urorin sauti a zauren, cewa zai ɗauki busar da kyau idan Baba ya hau dandamali.

"Malam," ya ce mini a cikin adaidaita, muna maƙale tsakanin layin mai da tirelolin kasuwar Singa, "numfashin da ya rage mini na busa ɗaya ne. In na kashe shi, shi ke nan."

Mun isa bayan azahar. Mai gabatarwa, wani matashi mai babbar riga da wayoyi a hannu biyu, ya tare mu.

"Baba, nan bakin ƙofa za ka zauna. Da ka ji jiniya, ka busa. Kai za ka tarbi Mai Girma."

"Ɗana, an ce mini a dandamali zan yi."

"Za ka yi, Baba. Bayan jawabai."

Ba a jima ba jiniya ta tashi. Muka miƙe. Baba Ari ya cika kumatu ya busa. Ƙofa ta buɗe, sai ga ƙarti biyu ɗauke da kujera mai ruwan zinare. Ashe kujerar Mai Girma motarta daban, jiniyarta daban. Tunda mun riga mun fara tafi, muka ƙarasa. Aka ajiye ta a tsakiya, aka juya mata fanka, mu kuma muka ci gaba da fifita da hulunanmu.

Jiniya ta sake tashi, Baba ya sake busawa. Wannan karon mai riƙe da jawabi ne da fulas ɗin shayi. Ta ukun kuwa ɗan aike ta kawo, ya sanar cewa wani muhimmin aiki ya taso wa Mai Girma, amma ya turo wakili, kuma wakilin yana hanya. Ina yaba wa wannan tsari. A ƙasar da ake cewa ba a shiri, ga mutum bai zo ba amma kayansa duk sun zo a kan lokaci.

Dokar taro ita ce ba a fara komai sai babba ya zauna. Masu kalangu suka yi matashi da gangunansu. Amarachi, shugabar wata ƙungiyar 'yan rawa ta Sabon Gari, ta dubi kwalliyar 'yan matanta tana narkewa, ta ce, "Oga, tunda kujerar ta zo, mu yi mata rawar mana. Ita ai ba ta makara ba."

Sai Baba Ari ya sarƙe da tari. Yakaka ta ba shi ruwa, ta juya ga mai gabatarwa.

"Malam, mahaifina ba jiniya ba ne. Ku bar shi ya hau ya yi abin da ya kawo shi."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Tsari ne."

Nan Onyedika ya durƙusa kusa da tsohon, ya rage murya. "Baba, gaskiya zan faɗa maka. Wakili zai yi jawabi, ya tafi. Da ya fita ake kashe janareta, man nasa ne. Kullum haka ake yi. Ba za ka kai dandamali da wuta ba."

Baba Ari ya shafa bakin algaitar da babban yatsa. Can ya ce, "To ɗana, wayar abin maganar nan taka za ta kawo nan?"

"Za ta kawo."

"Jawo ta."

Bayan la'asar jiniyar gaske ta iso. Wakili ya sako ƙafa, dogo, cikin shadda mai ƙara. Baba Ari ya tashi ya busa, amma ba busar tarbar manya ba. A hankali ta fara, can ƙasa, sannan ta hau. Na je bukukuwa da yawa, ban taɓa jin irinta ba. Wata tsohuwa a layin baya ce ta fara gane busar amarya ce, ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa. Sauran matan suka karɓa. 'Yan matan Amarachi, da suka gaji da jira, suka bi bayan wakili a jere suna taku.

Shi kuwa bawan Allah, busar ta ja masa ƙafa. Ya rage sauri, ya sunkuyar da kai, yana murmushin kunya, har aka kai shi kujera aka zaunar. Hajiyar da ke gefena ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. "Lalle kawai ya rage," in ji ta.

Baba Ari ya kai busar ƙarshenta, bai yanke ko'ina ba. Onyedika ya cire abin kunne ya ɗaga masa hannu. Yakaka ta karɓi algaitar, ta naɗe a zane, ta sa a jakarta, tsohon bai ce a ba shi ba.

A jawabinsa, wakili ya ce ya wakilci Mai Girma a wurare da dama, ba a taɓa yi masa tarba mai ratsa jiki kamar wannan ba. Ya umarci kwamiti da a riƙa yi wa manya ita a kowane taro. Yakaka ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ya ajiye busa daga yau." Ya ce ba komai, a riƙa sa wadda aka ɗauka.

Saboda haka masu cewa manyanmu ba sa adana al'ada su shiga taitayinsu. Busar da ta kusa bin mai ita yanzu tana da jiniya a gaba. Ƙorafina ɗaya ne. Amaryar gaske idan an kai ta, sai an sayi bakinta kafin ta ce uffan. Tamu ba wanda ya saya, amma ta yi magana har aka kira magariba.