Jikin Mai Agogo, Fuskar Direba

Kwana uku ke nan mai gyaran agogo bai gama aiki ko ɗaya ba. Da ya maƙala madubin aiki a ido ya sunkuya, sai ɗaya idon ya zille ta taga zuwa tsallaken titi, inda aka manna wata ƙatuwar takarda a gilashin kantin littattafai. Sanarwa ce ta littafin zane da jikarsa ta yi, labarin wani tsohon jarumi mai tashi sama da ake kira Baba Walƙiya, zai fito nan da kwana tara. Kullum da an tashi daga makaranta yara sukan yi cincirindo a wurin, suna gardamar abin da zai faru a ciki.

Tsohon ya san jikin da ke takardar nan, don nasa ne. Wata biyu cur yarinyar tana tsayar da shi a kan bencin shago, ƙafa ɗaya a sama, bargo ɗaure a wuya, hannu a miƙe, tana zanawa. Ga ƙaramin yatsansa da ya karkace, ga kafaɗar hagu da ta ɗan sauka. Amma fuskar da ke bisa wuyan, da wushiryarta da gemunta mai tsini, ta ɗaya kakan ce, mahaifin uwarta, tsohon direba.

Yana cikin wannan kallo jikar tasa ta ɗaga labule ta shigo, da jakar takardu a hammata.

"Sannu da aiki, tsoho. Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana inda kika bar ta, a kan benci. Wa kike nema? Nan ba gidan direba ba ne."

"Mijina na zo gani."

"Na sake ki shekaranjiya, na ƙara jiya. Yau ma jira nake in sha ruwa in cika."

"Wa zai kwashe ka in na tafi? Ko kyauta aka ajiye ka a bakin titi, sai dai a ɗauki hular a bar ka."

Ta ture gwangwanin ƙananan kusoshi gefe ta zauna. Ta tambaye shi ko ya ga sanarwar. Ya ce shi yanzu idonsa ba ya gani daga nesa, kuma ba shi da lokacin kallon wasan yara. Ta ce to wa ya juya masa kujera ta fuskanci taga, alhali shekara da shekaru bango take kallo? Ya ce iska yake nema.

Daga nan kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin yadda jiya mai shayi ya miƙe tsaye ya ba direba kujerarsa, yadda yara suke bin sa suna kiran Baba Walƙiya, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Abin da ya fi ƙona masa rai, mutumin nan ya tako har shagon nan da agogon da lafiyarsa ƙalau, wai a duba masa, don kawai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannu sama irin na cikin takarda.

"Mutumin da in ya sunkuya ɗaura takalmi sai an kira maƙwabta su miƙe shi, shi ne mai tashi sama. Da hannuna yake gaisawa da jama'a, 'yar nan. Da kafaɗata yake yawo."

"Ai ya gode. Ya ce a faɗa maka tunda yake bai taɓa jin jikinsa garau haka ba."

"Ni da ciwon baya, shi da suna."

"To wa ya ce da ni, jiki ki ɗauka, fuska kuwa ta sahun gaba ce a masallaci, ba ta littafin yara ba?"

Tsohon ya ɗauki wani agogo ya kara a kunne, kamar yana sauraron abu mai muhimmanci. Can ya ce shi ya zaci abin ba zai wuce cikin jakarta ba, ƙarshe a naɗe gyaɗa da shi. Ta dafe ƙirji ta ce ashe raina mata sana'a ya yi, to Allah ya nuna masa. Ya ce ba raini ba ne.

"Babba in ya ce a'a, sake tambayarsa ake yi. Kakarki, Allah ya jiƙanta, sai ta tambaye ni sau uku kafin ta yarda na ƙoshi. Ke sau ɗaya kika tambaya kika ruga."

"Direba ko sau ɗayan ban ƙarasa ba. Ina buɗe baki ya tafi wurin aski."

"Ai shi ba shi da kunya. Ki cire masa kan nan ki mayar da nawa."

Ta ce wannan kam ya wuce, an riga an buga bangon littafin, yana can jibge a wurin masu ɗab'i. Ya ce a soke. Ta ce sai dai in shi zai bi kowane ɗaya da reza yana yanke gemu. Ya ce ta kawo rezar.

Sai kuma ya ajiye agogon. A wannan benci ta koyi riƙe fensir, tun ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Shi ya riƙa yage mata bayan tsofaffin kalandu, shi ya ba ta fasassun gilasan agogo tana zagaye su don ta iya da'ira. A lokacin direba yana can kan hanya, sai ya yi wata bai ga ko launin rigarta ba. Yanzu ga shi duk gari za su ce jarumin jikar direba ce ta yi shi, don kakanta. Bai faɗi wannan ba, amma ta ga yadda ya shiga goge teburin da ba ƙura a kansa.

Ta jawo jakarta ta zuge, ta fito da takarda ɗaya ta shimfiɗa a gabansa. Ta ce ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo ta ba. A littafin akwai mugu, Ɓarawon Lokaci, wanda yake tsayar da duk agogunan gari ya sa mutane su daskare a inda suke. Tun daga farko fuskarsa a rufe take da ƙarfe, sai a shafin ƙarshe ake cire masa. Ga shafin nan: ƙato mai ƙirji kamar ƙofar gareji, amma wurin fuska fari fat, ba ido ba hanci. Masu ɗab'i sun ce in ba ta kai gobe da safe ba, littafi ba zai fito a ranarsa ba.

"Ɓarawo? Shekara arba'in mutane suna bar mini agogunansu, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Direba jarumi, ni ɓarawo?"

"Wa ya fi ka dacewa? Agogon babana shekara biyu yana cikin aljihun teburin nan, kullum gobe."

"Tashi ki fita mini daga shago."

Ba ta tashi ba, shi ma bai ture takardar ba. Ya ɗan karkato da ita wajen haske, ya ce ƙirjin dai ba laifi. Sa'an nan, kamar ba da gangan ba, ya tambayi shafi nawa direba ya fito. Ta ce ashirin. Shi kuma wannan ɗan banzan? Ta ce talatin da ɗaya, kuma yaran da ta nuna wa duk shi suke tambaya, don ba wanda ya damu da wanda aka riga aka ga fuskarsa a gilashi. Tsohon ya gyara zama.

"A ƙarshe wa ke cin nasara?"

"Jarumi mana. Haka ake yi."

"Kafin ƙarshen fa?"

Ta sake sa hannu a jaka ta zaro wani shafi. Ga Ɓarawon Lokaci ya damƙi Baba Walƙiya ta gemu, ya wujijjiga shi a sama, a hoto na gaba kuma ga jarumi ya faɗa cikin tankin ruwa, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Tsohon ya mayar da madubin aiki a ido ya sunkuya. Ya daɗe yana duba gemun nan a cikin hannun ƙato, gashi ɗaya-ɗaya. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ƙoƙarin mayar da abin tari, ya kasa. Sai da ya yi dariya har madubin ya faɗo kan tebur, yana share hawaye yana istigfari.

"Sau nawa ake yi masa haka?"

"Sau biyu. Na biyun a kan idon jama'a."

Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya daidaita hula, ya zauna ya ɗaga haɓa.

"Fere fensirinki, amarya, na mayar da ke. Ki rage hancin kaɗan, sauran ki bar shi yadda Allah ya yi. Kuma ranar da zai fito kada kowa ya kai wa direba nasa. Ni zan kai masa har gida, in buɗe masa shafin tanki, in zauna kusa da shi har ya gama kallo."