Ranar da Na Zauna a Kan Tambarin 'Yan Hoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin canja kaya na wata ƙaramar ƙungiyar hoki a Brooklyn ba. Lokacin ina aika wa wani gidan rediyo rahotanni daga New York, kuma na riga na yi wa editana alkawarin hira da kyaftin ɗin ƙungiyar. Baba Issaka, mutumin Kumasi da ke tuƙa musu bas, shi ya yi mini hanya.

Wasan na fara kallo. Ni da bayyana abu shi ne sana'ata, na rasa ta cewa. Ƙarti ne sanye da takalma masu kaifin wuƙa a ƙasa, suna sulalawa a kan ƙanƙara kamar ba su da nauyi, su yi karo da bango har gilashi ya girgiza, su wuce abinsu. Ɗan baƙin faifan da suke bugawa kuwa, sai ya shiga raga nake sanin inda yake. Kuma wai waɗannan su ne ƙananan, wasunsu ma aikin gini suke yi idan kakar wasa ta ƙare.

Da aka tashi, Baba Issaka ya ja ni ciki. 'Yan wasan suna zazzaune a jikin bango, tururi na tashi daga kawunansu. A tsakiyar ɗakin akwai kafet mai tambarin ƙungiyar, tas da shi, kowa zagaye shi yake yi. (A gidanmu, shimfiɗar da masu gida suka ƙi hawa ta baƙo ce.) Na ce a raina, lallai mutanen nan sun san girmama baƙo. Na tuɓe takalmana, na taka har tsakiya, na tattara babbar rigata, na tanƙwashe ƙafa, na kunna rakoda.

Wani ya kashe kiɗan da ke tashi.

"Massa," in ji Baba Issaka ƙasa-ƙasa, da irin kiran mutanen Kumasi, "tashi. Logo ne ka hau, tambarinsu."

"Ai na cire takalmi, Baba."

"Ko coach ba ya taka shi. Ni da nake kai su ina kawo su ban taɓa sa ƙafa ba. Kai ka zo ka ɗora masa mazaunai."

Na ga hirar tawa tana salwanta. Kyaftin ya miƙe, dogo ne har sai da na ɗaga wuya, ba haƙoran gaba, ga ƙunshin ƙanƙara ɗaure a kafaɗarsa. Ya dubi takalmana da na jera a gefe, ya dube ni. Ya ce da Turanci ya sha ganin masu taka tambarin nan, amma bai taɓa ganin wanda ya cire takalmi don ya ji daɗin takawa ba. Sai ɗakin ya ɓarke da dariya.

Kyaftin ya miƙo mini buroshi. A durƙushe na yi hirar, ina goge kafet yana magana. Ya nuna mini giɓinsa, ya ce saboda tambarin nan ya bar haƙoransa a filin wasa, kuma kowa a ɗakin akwai abin da ya bari. Ban sake jin dariya ba.

Da editana ya saurari sautin, ya tambayi ƙarar mece ce ke bin muryar mutumin. Na ce yanayin wurin ne.

Tun daga ranar, in na ga wurin da kowa ke zagayewa, sai na tambaya kafin in cire takalmi.